Abinci da Tasowar Zafi Bayan Ɗaukewar Al'ada: Nazarin Lamarin Wata Malama

Asalin lamarin

Matar da wannan nazari ya bibiya malamar makarantar sakandare ce mai shekara 51. Ba ta shan taba, ba ta shan giya, kuma ba ta da wani ciwo da ya zaunar da ita in ban da ɗan hawan jini da take shan magani a kansa. Tun tana da shekara 49 al'adarta ta fara tsallake watanni, wani lokaci ta zo bayan wata biyu, wani lokaci bayan uku, har daga ƙarshe ta ɗauke gaba ɗaya. A ƙa'idar likitoci ba a cewa al'ada ta ɗauke sai mace ta cika wata 12 a jere ba ta ga jini ba, kuma yawancin mata suna kaiwa nan ne tsakanin shekara 45 da 55, saboda haka nata ya zo a lokacinsa.

Abin da ya hana ta sakat shi ne zafin da ke taso mata ba zato ba tsammani. Tana tsaye gaban allo tana rubutu sai ta ji kamar an hura mata wuta a ƙirji, zafin ya hau wuya, ya mamaye fuska, zuciya ta shiga bugawa, gumi ya tsattsafo har ya jiƙa wuyan rigarta. Bayan minti biyu ko uku abin ya lafa, ya bar ta da tsikar jiki na tashi kamar mai jin sanyi. Rannan wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ko ba ki da lafiya ne? In ɗebo miki ruwa?" Daga ranar ta riƙa shiga aji da ƙaramin tawul a hannu. Da dare kuwa takan farka sharkaf da gumi, ta canza riga, ta juya matashi, sannan barcin ya ƙi dawowa.

Nauyinta a lokacin kilo 84 ne, tsayinta santimita 162. Takan sha shayi mai zafi da sukari kofi uku ko huɗu a yini, ta ƙara da gahawa da daddare in za ta duba takardun ɗalibai. Abincin rana sau da yawa yakan wuce ta saboda aiki, sai ta toshe yunwa da biskit da lemon kwalba, da dare kuma ta ci mai nauyi, yawanci soyayye, da barkono sosai.

Janairu zuwa Fabrairu: ƙaurace wa komai

Matakin farko da ta ɗauka da kanta ta ɗauke shi, bayan ta tattara shawarwarin abokan aiki da abin da ta karanta a intanet. A rana guda ta daina shayi da gahawa da barkono da sukari da nama da madara da duk wani abu soyayye. Kwana uku na farko ciwon kai ya sako ta gaba, abin da aka saba gani ga wanda ya yanke kafeyin, wato sinadarin da ke cikin shayi da gahawa mai hana barci, farat ɗaya. A mako na biyu ta ji kamar zafin ya ragu, a na uku ta ji kamar ya dawo, kuma da yake ba ta rubuta komai, ba ta da abin da za ta kwatanta da shi sai abin da ta iya tunawa. Abincin ya zama marar armashi, yunwa ta riƙa kama ta da yamma, har ta koma cin biskit fiye da dā. Cikin mako na biyar ta watsar da tsarin gaba ɗaya, nauyinta yana nan a kilo 84.

Maris zuwa Afrilu: ƙwayoyin ƙari

Daga nan ta koma kan ƙwayoyin da ake saye ba da takardar likita ba: man kifi, bitamin E, da wani haɗin tsirrai da aka rubuta a jikin kwalbarsa cewa na mata masu manyanta ne. Ta sha su mako takwas ba fashi. A makonni biyu na farko ta tabbatar wa kowa cewa ta samu sauƙi, amma kafin wata na biyu ya ƙare tana farkawa sau uku a dare kamar yadda ta saba.

Wannan sauƙi na farko ba abin mamaki ba ne. A gwaje-gwajen da ake yi kan tasowar zafi, matan da aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta su ma sukan ba da rahoton raguwa, sau da yawa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye. Man kifi kuwa an gwada shi a Amurka a kan mata 355 na tsawon mako 12, sakamakon ya fito a 2014, kuma bai fi ƙwayar da aka cika da man zaitun tasiri ba.

Mayu: ganin likita da buɗe littafi

Rashin barci ne ya kai ta asibiti. Likitar da ta duba ta ba ta fara da maganar abinci ba. Gumin dare yana iya zama alamar tarin fuka, ko yawan aikin tayrod (wata ƙaramar gaɓa a wuya mai daidaita saurin aikin jiki), ko faɗuwar sukari a jini, ko illar wani magani, don haka ta tambaye ta ko tana tari, ko tana rama ba dalili, ko tana zazzaɓi, ko ta ga jini bayan ɗaukewar al'adar. Aka auna tayrod da sukari da yawan jini. Duk suka fito lafiya, sai dai sukarin ya matso bakin iyaka.

Bayan haka ta yi mata bayanin abin da ke faruwa. A cikin ƙwaƙwalwa akwai sashen da ke daidaita zafin jiki, kuma yana da ɗan fili da yake ƙyale zafin ya hau ko ya sauka a cikinsa ba tare da ya ɗauki mataki ba. Idan estrojin, wato sinadarin jikin mace da ke raguwa idan al'ada ta ɗauke, ya ragu, wannan fili yakan tsuke ƙwarai, ta yadda ƙaruwar zafi 'yar kaɗan, wadda a dā jiki ba zai ko kula ba, za ta sa ƙwaƙwalwa ta buɗe hanyoyin jinin fata ta saki gumi kamar mutum na cikin tsakiyar rana. A nan ne abinci yake shigowa: duk abin da zai ɗan ɗaga zafin ciki, ko ya yaudari jijiyoyi su ɗauka zafi ya ƙaru, yana iya tayar da abin. Ta kuma gaya mata gaskiyar da ba ta so ji ba game da tsawon lokaci. Wani bincike kan lafiyar mata a Amurka mai suna SWAN, wanda ya bibiyi mata sama da 3,000 tun daga 1996, ya nuna a 2015 cewa rabin matan da zafin ke taso wa a kai a kai sun haura shekara 7.4 suna fama da shi, a tsakanin baƙaƙen fata kuma adadin ya kai shekara 10.1.

Likitar ta sanar da ita cewa maganin estrojin shi ne mafi ƙarfi, yakan rage yawan tasowar da kusan kashi 75 cikin 100, kuma akwai wasu magungunan da ba na estrojin ba. Malamar ta ce ta fi son ta fara jarraba abinci. "To, Malama," in ji likitar, "wannan karon kada ki cire komai tukuna. Ki samu littafi ki rubuta mini abin da kika ci, da lokacin da kika ci, da lokacin da zafin ya taso."

Ta yi mako huɗu tana rubutu. Kowace tasowa takan ba ta maki: 1 idan zafi ne kawai, 2 idan da gumi, 3 idan ta tsayar da ita daga abin da take yi ko ta tashe ta daga barci. Da aka haɗa lissafi sai ya nuna matsakaicin sau 9 a kwana guda, 3 daga ciki da dare, kuma kusan rabi masu maki 3 ne. Wani abu kuma ya fito da ba ta taɓa lura da shi ba: masu tsananin sun taru ne a wurare biyu, wajen ƙarfe 3 zuwa 4 na yamma a ranakun da ba ta ci abincin rana ba, da kuma daga bayan abincin dare zuwa ƙarfe 2.

Yuni zuwa Yuli: cire abu ɗaya a lokaci guda

Tsarin da suka yi shi ne a taɓa abu ɗaya na mako biyu, a bar sauran yadda suke, a duba littafi, sannan a wuce na gaba.

An fara da kafeyin, amma a hankali. Ta bar gahawar dare, ta rage shayi zuwa kofi biyu, duka kafin ƙarfe 12 na rana. Farkawar dare ta sauka daga 3 zuwa 2, na rana kuwa bai motsa ba. Akwai binciken da asibitin Mayo ya yi a kan mata 1,806, wanda ya samu cewa masu shan kafeyin sun fi kokawa da zafin da gumin dare, sai dai bincike ne na tambayoyi, yana nuna cewa abubuwan biyu suna tafiya tare ne kawai. A lamarin malamar ma ba a iya rabe ko zafin ne ya ragu ko barcin ne ya yi nauyi har ƙananan suka daina tashinta. Wani ɗan gwaji da ta yi da kanta ya fi ba da haske: ta sha shayin nan dai, adadi ɗaya, amma ta bar shi ya huce. Tasowar da ta saba biyo bayan kofin safe ta zama ba kullum ba. Ashe wani ɓangare na laifin da take ɗora wa shayi na zafin ruwan ne.

Barkono ya zo na biyu. Sinadarin kafsaisin da ke cikinsa yana taɓa jijiyoyin da ke jin zafin wuta, shi ya sa ko namiji mai ƙuruciya yakan yi gumi in ya ci da yawa. Da ta cire shi daga abincin dare, jimillar kwana ta sauka daga 8 zuwa 7 kawai, amma mai tsananin nan da ke zuwa cikin rabin awa bayan cin abinci ta ɓace a yawancin darare. Don tabbatarwa ta mayar da shi dare uku a jere, abin ya dawo a biyu daga ciki. Da ta ci shi da rana ba da yawa ba, littafin bai nuna komai ba.

Na uku shi ne sukari da lemon kwalba, kuma a nan lissafin bai bayar da amsa ba. Mako biyu babu su, adadin yana nan a 7. Madara da nama ma, waɗanda ta haramta wa kanta a Janairu, an gwada su ba a ga wata alaƙa ba. Abin da ya motsa tasowar yamma shi ne cin abincin rana a kan lokaci. Ranar da ta ci tsakanin ƙarfe 1 da 2, ta yamman takan zo da sauƙi ko ta ƙi zuwa, kuma abincin dare ya rage nauyi da kansa tunda ba da matsananciyar yunwa take isa gare shi ba. A ƙarshen Yuli lissafi ya tsaya a sau 6 zuwa 7, nauyi kilo 83.

Agusta zuwa Nuwamba: sauya tsarin cin abinci

A nan likitar ta juya akalar daga abin da za a cire zuwa yadda farantin zai kasance gaba ɗaya. Rabinsa ganye da kayan lambu, kwata hatsin da ba a cire masa dusa ba, kwata wake ko kifi ko nama marar kitse. Soyayye sau ɗaya a mako, 'ya'yan itace a madadin biskit, ruwa a madadin lemon kwalba, abincin dare aƙalla awa uku kafin kwanciya. An bar mata madara saboda ƙashi, domin bayan ɗaukewar al'ada ƙashin mace yakan yi saurin zaizayewa kuma buƙatar kalsiyam ba ta raguwa. Ta ƙara da tafiyar ƙafa ta minti 30, kwana biyar a mako.

Dalilin likitar ya dogara ne a kan manyan bincike biyu. Na farko reshe ne na wani babban bincike kan lafiyar mata a Amurka mai suna WHI, wanda aka wallafa a 2012 a kan mata 17,473 da ba sa shan estrojin: waɗanda aka ɗora kan abinci mai ƙarancin kitse da yawan 'ya'yan itace da kayan lambu da hatsi sun ɗan fi sauran rabuwa da zafin bayan shekara guda, kuma waɗanda suka rage kilo 4.5 ko fiye, ko kashi 10 cikin 100 na nauyinsu, sun fi samun wannan sa'a. Na biyu a Ostireliya aka yi shi, ya bibiyi mata kusan 6,000 na tsawon shekara tara, ya fito a 2013: masu yawan cin 'ya'yan itace da kayan lambu sun fi ƙarancin fama da shi da kusan kashi 20 cikin 100, masu yawan cin kitse da sukari kuma sun fi yawan fama da shi da kusan wannan adadi. A dā an ɗauka mace mai jiki ta fi samun kariya, tunda kitse yana samar da ɗan estrojin, amma daga baya aka ga akasin haka a shekarun farko, kuma bayanin da aka fi bayarwa shi ne kitse kamar bargo yake, yana hana zafi fita.

A farkon Satumba ta ƙara rabin kofi na dafaffen waken suya a kullum. Waken yana ɗauke da sinadaran aisofilabon, waɗanda ke kama da estrojin amma ƙarfinsu bai ko kusa da nasa ba, kuma an daɗe ana danganta ƙarancin koken matan Japan da yawan cinsa. Wani gwaji na mako 12 da aka wallafa a 2021 ya haɗa rabin kofin nan da abincin tsirrai zalla mai ƙarancin mai, a kan mata 38, ya samu raguwar kashi 84 cikin 100 a tasowar zafi masu matsakaicin ƙarfi da masu tsanani. Da aka faɗaɗa shi zuwa mata 84, raguwar ta kai kashi 88, a rukunin da bai canza komai ba kuma kashi 34. Alƙaluman suna da daɗin ji, amma matan sun san rukunin da suke, sun canza abubuwa da yawa a lokaci guda, sun kuma rage nauyi. Kafin ta fara, likitar ta tabbatar ba ta shan maganin tayrod, domin waken suya yana iya rage shigarsa jiki in an haɗa su kusa da kusa. Makon farko ciki ya yi ta kumburi, sai ta rage zuwa cokali uku ta riƙa ƙarawa sannu a hankali.

Nauyi ya sauka zuwa kilo 81 a ƙarshen Satumba, 79 a ƙarshen Oktoba, 77 a ƙarshen Nuwamba. Tasowar zafin ta bi sahu amma ba a miƙe ba: sau 6, sannan 5, sannan 4. A tsakiyar Oktoba, makon jarrabawa, ta yi kwana shida tana duba takardu har ƙarfe 1 na dare da gahawa a gefe, adadin ya koma 8, kuma sai da aka yi kwana goma kafin ya sauko.

Disamba zuwa Janairu: gwajin ƙarshe

Saura tambaya ɗaya, wato ko waken suya yana da hannu a cikin sauƙin. Ta daina cinsa mako uku, ta bar komai yadda yake. Matsakaicin ya tashi daga 4 zuwa tsakanin 4 da 5, bambancin da bai fi wanda ake gani tsakanin mako da mako ba. Mutane sun bambanta a nan, domin ƙwayoyin bakteriyar da ke hanjin wasu ne kawai ke iya mayar da aisofilabon zuwa wani sinadari mai suna ikwal da ake ganin ya fi aiki, kusan kashi 25 zuwa 30 cikin 100 a ƙasashen Yamma, kusan rabi a gabashin Asiya. Ta mayar da waken cikin abincinta saboda yana riƙe mata ciki.

A ziyarar Janairu, shekara guda cif da yunƙurinta na farko, littafin ya nuna sau 4 a kwana, farkawa sau ɗaya a dare, wasu dararen babu, kuma masu maki 3 ba su wuce biyu ko uku a mako ba. Nauyi kilo 77, sukarin jini ya ja da baya daga bakin iyaka, hawan jinin ma ya ɗan sauka.

Abin da ya yi aiki, da dalili

Yunƙurin Janairun farko ya faɗi ne saboda an cire abu bakwai lokaci guda ba tare da ma'auni ba. Uku daga ciki, wato gahawa da barkono da shayi mai zafi, suna da hannu da gaske, amma sun ɓace a cikin sauran huɗun, kuma takurar ta yi yawan da ba za a iya jure ta ba. Ƙwayoyin ƙari sun ba ta sauƙin da sa rai ke bayarwa, wanda bai wuce 'yan makonni ba.

Sauƙin da ya dore ya zo ne ta hanya biyu masu girma daban. Cire gahawar dare da barkonon dare da barin shayi ya huce sun rage tsanani da farkawa, amma sun taɓa jimillar da kaɗan, daga 9 zuwa kusan 7. Hakan ya dace da yadda abin yake aiki: waɗannan suna tayar da zafin ne kawai, filin da ya tsuke a ƙwaƙwalwa yana nan a tsuke. Raguwa mafi girma ta zo ne a watanni huɗun da ta sauke kilo 6, kuma a ganina nan ne nauyin hujja ya fi karkata. Matsayar da ƙungiyar ƙwararru kan ɗaukewar al'ada ta Arewacin Amurka ta fitar a 2023 ta tafi a kan haka: ta sanya rage nauyi cikin abubuwan da take ba da shawara, amma ta ƙi sanya gujewa abubuwan da ke tayar da zafi, da waken suya, da ƙwayoyin tsirrai, saboda hujjarsu ba ta yi ƙarfi ba. Wannan matsaya tana magana ne a kan mata a dunƙule. Littafin malamar kuwa a kan mace ɗaya yake magana, kuma barkonon da ta cire ta mayar ta sake cirewa ya ba da amsa iri ɗaya, abin da ya ishe ta hujja ko da bai isa a kafa wa kowa doka ba.

Dole a ajiye wani kaso na sauƙin a gefe. Shekara guda ta wuce, kuma zafin yakan lafa da kansa a hankali. Tafiyar ƙafa da gyaruwar barci sun shigo tare da abincin. Sa ido a kan abu da rubuta shi kullum ma yana canza yadda mutum ke jin sa. Mace marar ƙiba kuma ba ta da kilo 7 da za ta sauke, don haka bai kamata ta sa ran irin wannan sakamako ba, kuma wadda zafin ke hana ta aiki da barci ba ta da dalilin ɓata shekara a kan abinci alhali akwai magani, har da fezolinetant da Amurka ta amince da shi a Mayun 2023, wanda ke aiki kai tsaye a kan jijiyoyin ƙwaƙwalwar da ke tayar da zafin.

Ita dai malamar, da likita ta sake tayar da maganar magani a ziyarar ƙarshe, ta ce sau huɗu marasa tsanani abu ne da za ta iya zama da shi. Suka yi yarjejeniya cewa za ta ci gaba da rubutu mako ɗaya a kowane wata, kuma idan farkawar dare ta koma sau uku na tsawon wata guda, ko ta ga ɗigon jini ko yaya yake, za ta dawo ba tare da jiran ranar da aka sa mata ba.